Daga Kattappa zuwa Okoye: Yadda 'yaran akta' ke raba kan masu kallo a Ƙonni, Malbaza da Illela

A mintocin ƙarshe na kashin farko na fim ɗin Baahubali, wani dattijo mai sanƙo da furfurar gemu ya buɗe baki ya faɗi abin da ya shafe shekaru yana cin ransa: shi ne ya soki ubangidansa da takobi ta baya. A nan fim ya tsaya. A watan Yulin 2015 aka sake shi a Indiya, kuma sai da masu kallo suka yi jira har watan Afrilun 2017 kafin kashi na biyu ya fito da dalili.

Dalili ya fito, amma gardama ba ta mutu ba. A wuraren shan shayin matasa da ake kira fada a Birnin Ƙonni, da rumfunan cajin waya na Malbaza, da inuwar da 'yan kabu-kabu ke jiran fasinja a Illela ta jihar Tahoua, har gobe ana iya tayar da musu mai zafi da tambaya guda: shin Kattappa mai riƙon amana ne ko maci amana?

Kattappa dai ba shi ne jarumin fim ɗin ba. Jarumin shi ne Prabhas, wanda ya fito a matsayin uba da ɗa, yana ɗaga dutse a kafaɗa yana karkashe runduna shi kaɗai. Amma sunan da ya fi zama a bakin mutane shi ne na bawan fada, rawar da ɗan wasan Tamil mai suna Sathyaraj ya taka. Irin haka ke faruwa da fina-finan jarumai masu ƙarfin ban mamaki na Amurka, inda sau da yawa hirar bayan kallo ke barin mai fim ta koma kan na gefensa.

Yadda fina-finan ke isowa

Ƙonni na kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram, kuma tazara kaɗan ce tsakaninta da Illela ta jihar Sakkwato a Najeriya, takwarar Illelar Nijar a suna. Ta wannan iyaka kayan masarufi ke shigowa, ta nan kuma kaset da faifan fim suka riƙa biyowa daga Kano tun shekaru da dama, su wuce Tsarnawa, Malbaza, Galmi da kasuwar Badagishiri.

Yanzu faifai ya ja baya. Fim na yawo ne a memori da wayar hannu: a biya mai tura fina-finai 'yan daloli ya cika waya, ko aboki ya tura wa aboki ta Xender, ko mai data ya sauke daga YouTube. Gidajen kallo, waɗanda ƙwallon Turai ta mamaye yawancin darensu, sukan sa fim a ranakun da babu wasa.

Abin da ya sauya komai shi ne fassara. Tun da kamfanoni irin su Algaita na Kano suka shiga ɗora muryar Hausa a kan fina-finan Indiya da na wasu ƙasashe, wanda bai taɓa shiga lakwal ba ya daina kallon faɗa da rawa kawai. Ya fara jin abin da sarauniya ta ce wa bawanta, da abin da bawan ya amsa. Fina-finan Marvel kuwa wasu na kallonsu da Faransanci ta tashoshin tauraron ɗan Adam, wasu da fassarar Hausa, wasu kuma da Turancin Ingilishi yayin da wanda ya riga su gani ke ba da labari a gefe.

Masu kallo suna da nasu kalmomin. Akwai akta, wato jarumin da ba ya mutuwa. Akwai bos, mugun da ake kashewa a ƙarshe. Tsakaninsu kuma akwai yaron akta ko abokin akta, wanda tsofaffin 'yan kallo suka san cewa ba kasafai yake kai ƙarshen fim da rai ba. A kan wannan na tsakiya ne yanzu ake kai ruwa rana.

Ba yau aka fara ba

Shaƙuwar mutanen wannan yanki da taurarin fim tsohuwa ce. A fim ɗin Moi, un noir da Jean Rouch ya yi a 1958, matasan Nijar da suka je bida unguwar Treichville ta Abijan sun laƙaba wa kansu sunayen taurarin Turai da Amurka. Oumarou Ganda, wanda daga baya ya zama babban darakta har ya ci kyautar farko ta bikin FESPACO a 1972, ya fito ne da sunan Edward G. Robinson, yana dakon kaya a tashar jirgin ruwa.

A 1966 kuma Moustapha Alassane, wanda ya yi zama mai tsawo a garin Tahoua kafin rasuwarsa a 2015, ya yi Le Retour d'un aventurier. Labarin wani matashi ne da ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Tun a wancan lokaci Alassane ya hango abin da ka iya faruwa idan matashi ya ari rigar jarumin wata ƙasa ya yafa.

Masani Brian Larkin, wanda ya yi bincike kan sinima a Kano, ya rubuta yadda Hausawa suka raɗa wa taurarin Indiya sunaye, kamar Sarkin Ƙarfi ga Dharmendra da Ɗan Daba Mai Lasin ga Sanjay Dutt.

Son na gefe ma yana da tushe a adabin Hausa. Duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, ya san cewa Alhaji Imam ne mai labari, amma Malam Zurƙe ɗan Muhamman ne gishirin littafin. A Magana Jari Ce, aku ne ya fi 'ya'yan sarki suna. Ko a shirin Labarina na Aminu Saira, Baba Ɗan Audu da Rabi'u Rikadawa ya fito a matsayinsa ya yi farin jinin da wasu manyan jaruman shirin ba su samu ba.

Kattappa a gaban alƙalan fada

Ga yadda lamarin yake a fim ɗin da S. S. Rajamouli ya ba da umarni. Kakannin Kattappa sun yi rantsuwar bauta wa gadon sarautar Mahishmati, su da zuriyarsu. Shi ya koya wa Amarendra Baahubali riƙon takobi, har yaron na kiransa kawu. Da Bhallaladeva da mahaifinsa suka ƙulla makirci, suka sa sarauniya Sivagami ta yarda cewa Amarendra na shirin kashe sarki, sai ta umarci Kattappa ya kawar da shi don kada ƙasa ta faɗa yaƙin basasa. Kattappa ya roƙe ta, ta ƙi sauya magana. Aka shirya kamar shi ne ke cikin haɗari, Amarendra ya garzayo ceton kawunsa, kawun ya soke shi.

Masu kare Kattappa na kafa hujja da abin da aka tarbiyyantar da su a kai tun suna yara: bin na gaba bin Allah, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A ganinsu, mutumin da ya danne zuciyarsa ya cika alƙawarin kakanninsa, yana kuka yana aikatawa, ya fi kowa shan wahala a fim ɗin, kuma alhakin jinin na wuyan sarauniyar da ta yanke hukunci ba tare da bincike ba.

Masu suka kuwa na cewa amana biyu ce ta haɗu a hannunsa, ta kujera da ta yaron da ya yarda da shi, sai ya zaɓi wadda ba ta da rai ya yanka mai rai. Sukan kuma kawo addini, domin ƙa'ida ce sananniya wajen malamai cewa ba a yi wa mutum biyayya a cikin saɓon Allah. Malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa tilastawa ba ta halatta kashe wanda bai ji ba bai gani ba, tun da ran wanda aka tilasta bai fi na wanda za a kashe daraja ba. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ake bi a wannan yanki, hukuncin kisa na hawa kan wanda ya tilasta da wanda ya aiwatar baki ɗaya.

Wato da a gaban alƙalin Malikiyya aka kai ƙarar, hawayen Kattappa ba za su wanke shi ba. Sai dai masu ƙaunarsa da yawa sun san haka, kuma bai rage musu tausayinsa ba.

Kalmar da ba ta da sauƙi a wannan yanki

Akwai wani ɓangare na labarin da ke da nauyi na musamman a Ƙonni da Illela: Kattappa bawa ne, kuma gadon bautar ya yi.

Tarihin ƙasar Hausa ya san bayin sarki masu ƙarfin faɗa a ji. A Kano, sarautu irin su Shamaki, Ɗan Rimi da Sallama na bayin fada ne, kuma sukan fi 'ya'yan sarki kusanci da sirrin mulki. Wannan ce fuskar da fim ɗin ya nuna: bawa mai takobi, mai kwarjini, wanda sarakuna ke jin maganarsa.

Ɗaya fuskar kuwa mutanen yankin sun gan ta da idonsu. Sai a 2003 Nijar ta sanya bauta cikin manyan laifuffuka a dokar hukunta laifi, bayan matsin lambar ƙungiyoyi irin su Timidria. Shari'ar da ta fi kowace fice a kan batun ta taso ne daga yankin Ƙonni. An sayar da Hadijatou Mani a 1996 tana da shekara 12, ta zama wahayya a gidan wani dattijo, wato matar da ake ajiyewa bayan huɗun da aka aura, ba sadaki ba 'yanci. An ba ta takardar 'yanci a 2005, amma da ta auri wanda take so sai aka ɗaure ta bisa zargin aure kan aure. A ranar 27 ga Oktoban 2008 kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa gwamnatin Nijar ta gaza kare ta daga bauta, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10.

Don haka idan fim ya nuna dattijo ya durƙusa ya ɗauki ƙafar ɗan ubangidansa ya ɗora a kansa, ba kowa ke tafi ba. Ga wasu, wannan ne wuri mafi taɓa zuciya a fim ɗin. Ga wasu kuma, musamman waɗanda har yau ake yi wa gori da asali idan sun je neman aure, hoton na ƙawata abin da bai kamata a ƙawata ba. Hadijatou ta ƙi yarda cewa haihuwa ta yanke mata hukunci. Kattappa ya yarda, kuma yardar ce ta kai shi ga zubar da jinin wanda ya fi so.

Okoye, da bos ɗin da ke da hujja

Fim ɗin Black Panther na Ryan Coogler, wanda ya fito a Fabrairun 2018 ya kuma tara sama da dalar Amurka biliyan 1.3, ya sake kawo wannan tambaya da wata fuska. Masu kallo a Tahoua ba su rasa abin ganewa a cikinsa ba, domin mai tsara tufafin fim ɗin, Ruth Carter, ta ɗauko wasu daga shigar Abzinawa, kuma aikin ya ba ta kyautar Oscar.

Okoye, wadda Danai Gurira ta fito a matsayinta, ita ce shugabar dogaran sarkin Wakanda, dukkansu mata. Da Killmonger ya kayar da Sarki T'Challa a kokawar gado bisa al'ada ya hau karaga, Nakia ta nemi su gudu su shirya tawaye. Okoye ta ƙi, tana mai cewa biyayyarta ga karagar take, ko wane ne a kai. Ta tsaya tana gadin mutumin da ta tsana, har sai da T'Challa ya bayyana da rai, abin da ke nufin kokawar ba ta ƙare ba. A nan ta juya mashinta, ta kuma tsaya a gaban masoyinta W'Kabi a filin daga.

Masu kwatanta ta da Kattappa na cewa ita ta san iyakar rantsuwarta, ta jira doka ta buɗe mata ƙofa. Wasu kuma na tambaya: da T'Challa bai dawo ba fa? Da ta ci gaba da gadi ana loda makamai zuwa ƙasashen duniya?

Shi kansa Killmonger, rawar da Michael B. Jordan ya taka, bos ne a tsarin fim, amma yana da magoya baya. Mahaifin T'Challa ne ya kashe mahaifinsa, ɗan'uwansa na jini, a birnin Oakland na Amurka a 1992, ya bar yaron maraya a can don a rufe asiri. Ya girma yana ganin yadda ake wulaƙanta baƙar fata alhali danginsa na zaune kan arziki sun rufe ƙofa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu adawa da shi na tunatar da cewa ya harbe budurwarsa da hannunsa, ya kuma sa an ƙone tsiron da ke ba sarakuna ƙarfi don kada wani ya gaje shi. Duk da haka, a ƙarshe T'Challa ya buɗe Wakanda ga duniya, wanda ke nuna cewa ƙorafin bos ɗin ya shiga kunne ko da an ƙi hanyarsa.

Maganar Killmonger kan mulkin mallaka ba baƙuwa ba ce a Ƙonni. A watan Mayun 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine, bayan artabunta da Sarauniya Mangu a Lugu, ta auka wa Birnin Ƙonni, ta karkashe ɗimbin jama'a ta ƙone garin. Fim ɗin African Apocalypse na 2020 ya bi sawun wannan runduna, ya ji ta bakin jikokin waɗanda abin ya shafa. Mafi yawan sojojin da suka riƙe bindigogin 'yan Afirka ne masu bin umarni. Su ne kuma, bayan Voulet ya sa an harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da shi a ranar 14 ga Yulin 1899, suka juya suka kashe Chanoine da Voulet cikin 'yan kwanaki a yankin Tasawa. Tambayar yaushe mai bin umarni ya kamata ya ce a'a, an taɓa amsa ta da jini a kan wannan hanya, kuma amsar ta zo wa Ƙonni a makare.

Wanda aka juya wa ƙwaƙwalwa

Captain America: Civil War na 2016, wanda ya buɗe da artabu a Legas, ya raba jaruman Avengers gida biyu kan ko za su miƙa wuya ga sa idon Majalisar Ɗinkin Duniya. Amma abin da ya fi tsaya wa masu kallo shi ne Bucky Barnes, abokin Kyaftin Amurka na ƙuruciya, wanda ƙungiyar Hydra ta wanke wa ƙwaƙwalwa ta mai da shi makashi. Shi ya kashe iyayen Tony Stark, kuma Kyaftin ya ɓoye abin da ya sani don kare abokinsa. Wanda aka yi wa asiri ya aikata ɓarna, laifin na wa? Wanda kuma ya rufa wa aboki asiri a kan jinin iyayen wani abokin, shi wane ne?

A Krrish 3 na 2013 ma, da yawa sun fi tuna Kaya, halittar da mugu Kaal ya ƙera ya aika ta yi shigar matar Krrish, rawar da Kangana Ranaut ta taka. Zama cikin gidan mutanen kirki ya sauya ta, ta juya wa ubangidanta baya, shi kuma ya kashe ta.

Kamfanonin fim sun daɗe da gane wannan kasuwa. Loki, ƙanin Thor mai baki biyu, ya samu shirinsa na kansa a Disney+ a 2021, a shekarar da Bucky ma ya samu nasa tare da Falcon.

Me ya sa na gefe?

Amsar ba ta da nisa da rayuwar masu kallon. Akta yakan zo duniya da gata: ɗan sarki ne, ko attajiri, ko an ba shi ƙarfin da ba a saya a kasuwa. Matashin da ke tuƙa babur ɗin wani ya kai balas da yamma, da mai dakon buhunan albasa a Galmi, da leburan da ke jiran mota a ƙofar masana'antar siminti ta Malbaza, da yaron shagon da ke kwana a kan kaya a Abijan, Legas ko Sabha ta Libiya, dukkansu a ƙarƙashin wani suke. Sun san abin da ake nufi da maigida ya ce a yi, zuciya ta ce kada a yi.

Umarnin ba ya kai na kisa, amma yana da nasa nauyi: a rage mudu, a shiga da kaya ta ɓarauniyar hanya, a ce wa mai bin bashi maigida ba ya nan, a yi shiru kan abin da aka gani. Wanda ya ƙi na iya rasa abincinsa da na waɗanda ke jiran aikensa a gida. Rufe iyaka da aka yi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wanda Najeriya ba ta janye nata ɓangaren ba sai a Maris na 2024, ya nuna wa 'yan Ƙonni yadda hukuncin manya ke sauka a kan na ƙasa ba tare da an tambaye su ba.

Iyaye da malamai na da nasu ƙorafin kan waɗannan fina-finai: zubar da jini, shigar mata, gumakan da ake nunawa a na Indiya, da daren da yara ke ɓatawa a kan waya. Masu shirya fina-finan Kannywood kuma sun daɗe suna kukan cewa fassarar ta cinye musu kasuwa. Sai dai a wurin da aikin yi ya yi ƙaranci kuma ba kowace magana ake iya yi a fili ba, fim na ba matasa hanyar tattauna biyayya, zalunci da asali ba tare da an kama sunan kowa ba.

A kashi na biyu na Baahubali, bayan ya gama aikin da aka sa shi, Kattappa ya koma fada da jini a jikinsa. A karon farko a rayuwarsa ya kira sarauniya da sunanta, ya gaya mata cewa ta yi kuskure, ya tona makircin da aka shirya. Maganar ce ta ceci jaririn da daga baya ya dawo ya karɓi gadon mahaifinsa. A nan ne masu yabonsa da masu sukarsa suka fi kusa da haɗuwa, domin kowane ɓangare na cewa da ma ya yi wannan ƙarfin halin tun kafin ya zare takobi.